Abin da Hajja Zuwaira Ta Tuna

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar Talata aka kira komisariya, ofishin 'yan sanda. Mai kiran ya ce sunansa Suma'ila, gadi yake yi a unguwar Birni, kuma ga maigidansa can kwance cikin jini, ba ya motsi.

Insifekta Yakuba Habu ya ture kofin shayinsa gefe. Shekararsa ashirin da biyu yana wannan aiki a Damagaram, ya daɗe da daina gaggawa in an ce mutum ba ya motsi. Ya kira Birgadiye Maimuna, 'yar sandan da ke aiki a ƙarƙashinsa, suka shiga mota.

Tsakiyar bazara ce, tun da hantsi duwatsun Birni sun fara mayar da zafi. Lungun ya yi wa mota kaɗan, suka ƙarasa da ƙafa. Gidan tsohon ginin ƙasa ne irin na fataken da, mai zane a goshin soro. An kafa ƙaramin allo a jikinsa da ke cewa nan cibiyar bincike ce kan tunani da mantuwa.

A ɗakin ciki suka tarar da gawar. Dokta Rashid Mahamud, malamin ilimin halayyar ɗan Adam, yana kwance rigingine tsakanin tebur da bango. Ƙeyarsa ta bugi kusurwar wani akwatin ƙarfe da ake ajiye takardu. Jinin ya fara bushewa.

Ko'ina a ƙasa katuna ne a warwatse, masu faɗin tafin hannu. Wasu ja, wasu kore, wasu shuɗi, wasu rawaya, wasu fari. Kowanne da hoton abu ɗaya a tsakiya: akuya, tulu, makulli, takalmi.

A kan kujera kuma, taku uku daga gawar, wata tsohuwa ce zaune cikin lufaya, hannuwanta a kan cinya. Da suka shigo ta yi musu murmushi kamar baƙinta ne.

“Wace ce wannan?” Yakuba ya tambayi mai gadin.

“Hajja Zuwaira ce, ranka ya daɗe. Tana cikin tsofaffin da Dokta ke gwadawa. A haka na same ta. Na yi na yi ta tashi, ta ƙi.”

Yakuba ya durƙusa gabanta.

“Hajja, ina kwana? Kin ga abin da ya faru da likita?”

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi ƙofa, ta faɗi wasu kalmomi a hankali. Ta sake maimaita su.

Maimuna ta matso. Mahaifiyarta Babarbariya ce, tana jin harshen.

“Barbarci take yi, Shef. Kime take cewa, ja ke nan. Wai ja yana kuka.”

“Jinin take nufi?”

“Mai yiwuwa.”

Suka yi mata tambaya ta kowace fuska, da Hausa da Barbarci. Ba ta san ranar ba, ba ta san inda take ba. Da Maimuna ta nuna mata gawar, sai ta ce a rufa wa mutumin zane, barci yake.

Yakuba ya ja Suma'ila zuwa soro.

“Wane irin aiki ake yi a gidan nan?”

“Katuna ake nuna wa mutane, ranka ya daɗe. A nuna maka ashirin, ka je ka sha ruwa ka dawo, a ce ka faɗi abin da ka gani. Dokta na son ya gane ko abin da aka ɗora kan launi ya fi zama a kai. Da ɗalibai ya fara, bara ya koma kan tsofaffi masu ciwon mantuwa. Har ƙauyukan Droum da Hamdara suna zuwa.”

“Su wa da wa?”

“Shi da Madam Sakina, mataimakiyarsa. Yau ba ta zo ba.”

“Wa ya shiga gidan nan da safe?”

“Dokta ya zo ƙarfe bakwai da rabi. Ƙarfe takwas ɗan Hajja, Malam Kassim, ya kawo ta. Shi ke nan.”

“Ka ga fitar Kassim?”

Suma'ila ya ce, “Ya fita mana.”

“Ka gani da idonka?”

“Ai ban motsa daga ƙofar nan ba.”

Yakuba ya dubi bayan ƙyaure. Jarkoki biyu ne a ajiye, cike, ƙasar da ke ƙarƙashinsu a jiƙe. Ya taɓa ɗaya da ƙafa.

“Kwana nawa rabon Birni da ruwan famfo?”

“Yau kwana biyar.”

“To waɗannan daga ina?”

Mai gadin ya sunkuyar da kai. Ya ce an yi shelar ruwa ya zo a wani famfo can bayan masallaci, matarsa ba ta da lafiya, gidansa babu ko na alwala. Da Hajja da ɗanta suka shiga sai ya ɗauki jarkoki ya tafi layi. Bai dawo ba sai tara da rabi ta gota.

“Ke nan awa ɗaya da rabi ƙofar nan a buɗe, ba kowa.”

“Haka ne, ranka ya daɗe. Tsoro ne ya sa na ɓoye.”

Suna cikin haka wani mutum ya shigo soron da sallama. Zai yi shekara hamsin, siriri, yatsunsa duk tabon rini da kanta irin na dukawa. Farar hula ce a kansa, sabuwa, ko karin ninkinta bai baje ba.

“Ni ne Kassim. Na zo ɗaukar mahaifiyata, na ga mutane a waje.”

Yakuba ya gaya masa abin da ya faru. Kassim ya yi salati, ya jingina da bango.

“Ita fa?”

“Lafiyarta lau. Ƙarfe nawa ka bar gidan nan?”

“Takwas da 'yan mintoci. Na zaunar da ita na wuce rumfata a kasuwa. Haka muke yi kowace Talata.”

“Kun yi magana da Dokta?”

“Gaisuwa kawai.”

Maimuna ta fito da tsohuwar. Kassim ya miƙa hannu zai kama ta, ya kira ta da Ya, yadda Barebari ke kiran uwa. Hajja Zuwaira ta janye jikinta ta ɓuya bayan Maimuna.

“Wane ne wannan?” ta tambaya da Hausa.

“Haka take yi wani lokaci,” in ji Kassim, idonsa a ƙasa. Sai da Maimuna ta raka su har bakin lungu kafin tsohuwar ta yarda ta bi shi.

Bayan an ɗauke gawar zuwa asibiti, Yakuba ya zauna a teburin mamacin. Ba a taɓa salularsa ba, na'urarsa ta rubutu na nan, makullin motarsa na nan. Wanda ya shigo ba sata ta kawo shi ba.

A aljihun tebur ya sami tarin takardun sakamako. Kowace takarda da sunan tsoho ɗaya, da jerin hotuna ashirin, da alama a gaban waɗanda ya tuna. Wani ya bi su da jan biro yana zagaye alamomin, yana sa ayar tambaya. Duk takardar da aka zagaye, sa hannun mutum ɗaya ne a ƙasanta: S. Adam.

“Nemo min Madam Sakina,” ya ce wa Maimuna.

Da la'asar ta zo komisariya. Shekararta ba ta kai talatin da biyar ba, idanunta sun kumbura. Ta zauna ta riƙe jakarta da hannu biyu.

“Yaushe rabonki da Dokta Rashid?”

“Tun ranar Alhamis. Ina Droum ina tattara sakamako, jiya da yamma na dawo.”

“Me ya hana ki zuwa aiki yau?”

“Gajiya.”

“Akwai saɓani tsakaninku?”

“Babu. Malamina ne, shi yake duba kundin digirina.”

Yakuba ya zaro takardun ya jera mata a tebur. Ta dube su, ba ta taɓa ba. Sai ya ɗora wata a kansu, wadda Maimuna ta samo cikin jakar mamacin. Takardar sallama daga aiki ce, da kwanan wata na jiya Litinin, da sa hannun wadda aka sallama a ƙasa.

“Wannan hannun wa?”

Ta kawar da kai daga takardar.

“Madam, an kori mutum daga aiki jiya, yau wanda ya kore shi ya mutu. Kin san inda wannan magana za ta kai ki.”

“Ban kashe shi ba. Tun asuba ina gidan yayata a Garin Malam, ina kuka. Mutum goma za su shaida.”

“Za mu tambaye su. Me ya sa ya kore ki?”

Sakina ta ajiye jakar a ƙasa. 

“Da muka yi gwajin da ɗalibai, mun ga ɗan bambanci. Hoton da ke kan launi ya ɗan fi zama a kai, musamman ja. Kaɗan ne, amma akwai. Sai Dokta ya ce mu gwada da tsofaffi, ko za a sami abin da zai sauƙaƙa wa iyalansu. Wata uku na farko ba mu ga komai ba. Ja da fari duk ɗaya. Tsoho zai kalli akuya a kan ja, ya juya, shi ke nan ta tafi.”

“Sai kika gyara.”

“Ba a takarda na fara ba. Wani tsoho ne daga Hamdara, 'yarsa na tsaye a taga tana leƙe. Ya kasa tuna ko ɗaya. Sai na motsa baki na ce tulu, ya ce tulu. Da suka fita na ji 'yar tana kiran 'yan'uwanta tana cewa Baba ya fara dawowa. Mako na gaba na sake. Daga nan ban iya dainawa ba.”

“Don tausayi, ko don digirinki?”

“Na tambayi kaina. Ban sani ba, duka biyu ne.”

Ta ce sakamakon ya yi kyau har Dokta ya fara ba iyalai shawara. Su shafa launi a ƙofar banɗaki, su sayi jan kofi, su sa abin da tsoho zai riƙa gane su da shi. Wata shida ana haka. Makon jiya da ta tafi ƙauye, ya yi gwajin da kansa, sai ya ga babu komai.

“Me ya ce zai yi?”

“Ya ce zai rufe binciken. Ya ce kafin ya rubuta wa kowa, sai ya zauna da iyalan ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu gaskiya da bakinsa. Na roƙe shi ya bar su da abin da suke da shi. Ya ce ba shi da ikon barin mutane suna jiran abin da ba zai zo ba.”

“Yaushe zai fara gaya musu?”

“Yau.”

“Ban da ke da shi, wa ya san wannan magana?”

“Babu kowa. Ko matarsa bai gaya wa ba.”

Yakuba ya rufe littafinsa. Mahaifinsa ma ya yi shekara huɗu a ɗakin soro da irin wannan ciwo, yana kiransa da sunan wani ƙanensa da ya mutu tun zamanin Turawa. Bai yi niyyar tambaya ba, amma ta fita.

“To yanzu babu abin da ke taimakawa?”

“A namu binciken dai, babu,” in ji Sakina.

Washegari da safe Maimuna ta dawo daga Garin Malam. Maganar Sakina ta tabbata, ba ta fita daga gidan yayarta ba sai azahar. Ba a jima ba likitan da ya duba gawar ya kira.

“Buguwa ɗaya ce a ƙeya, faɗuwa ya yi da ƙarfi. Amma akwai wani abu. An danna masa ƙyalle a kan raunin, an daɗe ana dannawa. Na ciro zare daga ciki.”

“Wane irin zare?”

“Na ulu, irin na hular dara. Ja ne, ba jini ya rina shi ba.”

Yakuba ya ajiye waya. A ɗakin da aka sami gawar babu hula, babu wani ƙyalle.

“Wanda ya ture shi ya tsaya yana neman tsayar da jinin,” ya ce. “Jiya wace irin hula Kassim ya sa?”

“Fara, sabuwa.”

“Tashi mu je.”

Gidan Hajja Zuwaira na can ƙarshen Birni, jingine da wani ƙaton dutse. Kafin su yi sallama, wata mata mai tuyar ƙosai a ƙofar gidan da ke kusa ta gaishe su. Ta ce sunanta Aliya, shekara talatin suna maƙwabtaka.

“Su nawa ne a gidan?” Yakuba ya tambaya.

“Su biyu. Matarsa ta rasu shekara bakwai ke nan, ba su haihu ba. 'Yar'uwarsa ɗaya ce, ta tafi Libiya da mijinta, an daina jin labarinta. Shi ke yi wa Hajja komai, har wanki.”

“Tana gane shi?”

“Da dai ta daina. Amma tun da likitan nan ya ba su dabara, ta samu sauƙi. Ya sayi jar dara, ko barci zai yi tana kusa da kansa. Da ta hango shi sai ta kira shi.”

“Da sunansa?”

“A'a, sunan ya ɓace mata. Kime take ce masa. Har yaran unguwa sun ɗauka.”

Maimuna ta dubi Yakuba. 

“Jiya dai ban san me ya same shi ba,” Aliya ta ci gaba, tana juya ƙosai. “Da hantsi na ga ya shigo da sauri, kansa ba hula. Ya fita, ya dawo da Hajja. Tun daga nan nake jin ana kankare wani abu a gidan har magariba.”

Suka yi sallama suka shiga.

Tsakar gidan ƙarami ne, a share. Duk inda ido ya sauka ja ne. Butar alwala ja, kofi ja, kwanon ci ja, igiyar da aka ɗaura daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki don tsohuwa ta riƙa bi, ita ma ja. An ɗinka wa kujerarta matashi na jar fata, ɗinki mai kyau irin na gwanin baduku.

Ƙofar banɗakin ce kawai ta bambanta. An kankare fentin rabinta, ƙarfen ya fito fili. Ɓarɓashin ja ya taru a ƙasa, wuƙar dukanci na kansa.

Kassim na tsugune yana ba uwarsa koko da ludayi. Tana karɓa, amma ta kawar da fuska gefe kamar mai cin abincin baƙo.

“Sannu da aiki, Malam Kassim,” in ji Yakuba. “Ƙarasa ba ta.”

Suka jira har kwanon ya ƙare. Kassim ya goge mata baki, ya wanke hannu, ya shimfiɗa musu tabarma.

“Jiya ka ce gaisuwa kawai kuka yi da Dokta.”

“Haka ne.”

“Ka wuce kasuwa kai tsaye.”

“E.”

“An gan ka a nan da hantsi, ba hula. Ina jar darar?”

“Ta tsufa. Na yar.”

“Wata shida kana sa ta dare da rana saboda mahaifiyarka, sai jiya ta tsufa?”



Yakuba ya nuna ƙofar banɗakin. “Wa ya shafa wancan fenti?”

“Ni.”

“Don me?”

“Dokta ya ce zai taimaka mata ta gane hanya.”

“To me ya sa kake kankarewa?”

“Ba shi da amfani.”

“Wa ya gaya maka?”

Kassim ya juya ya dubi ƙofar.

“Mutum biyu ne a duniya suka san ba shi da amfani,” in ji Yakuba. “Ɗaya tana Garin Malam, ba ta gan ka ba. Ɗayan kuma ka ce gaisuwa kawai kuka yi.”

 Kassim ya tashi ya shiga ɗakinsa. Maimuna ta yunƙura za ta bi shi, Yakuba ya ɗaga mata hannu. Ya fito da wata jakar fata, ya buɗe, ya ajiye gabansu. Hular na ciki, ta ƙandare da jini.

Ya koma ya zauna.

“Da na zaunar da ita zan fita, sai ya ce in tsaya, yana da magana. Ya rufe ƙofa. Ya ce a yafe masa, an yi kuskure, duk abin da aka gaya mana ba gaskiya ba ne. Ya ce Ya ba ta samu sauƙi ba, ciwon gaba yake yi.”

“Me ka ce?”

“Na yi dariya. Na ce Dokta, takardunka ne suka yi kuskure, ni a gida nake da ita. Shekara biyu tana kallona kamar ɓarawo, in na shigo ɗaki ta ɓoye kwanonta. Ranar da na sa hular nan ta kama hannuna. Na ce masa kai ba ka san abin da wannan yake nufi ba. Ta san ni.”

Ya ci gaba.

“Ya ce ba ni ta sani ba, hular ta saba da ita. Ta saba mai jar hula shi ke kawo abinci. Na ce ƙarya ne. Muka yi ta ja, har na ɗaga murya. Sai ya ce to in ba shi hular, in gani da idona. Ni na cire na ba shi, ranka ya daɗe. Da hannuna. Na tabbata zan kunyata shi.”

“Sai ya sa.”

“Ya sa, ya tsuguna gabanta. Ina tsaye a gefensa, kafaɗata na taɓa tasa. Ta dube shi ta yi murmushi, ta ce Kime. Ta kama hannunsa ta ɗora a kumatunta, yadda take yi min. Ni ko kallona ba ta yi ba.”

Maimuna ta daina rubutu.

“Ya miƙe yana ce min in yi haƙuri. Na fizge hular, na hankaɗe shi da hannu biyu. Ban ga akwatin ba. Na ji ƙarar dai.”

“Ka danna masa hular a kai.”

“Na danna, na yi ta kiransa. Jinin ya ƙi tsayawa. Ina jin lokacin da numfashinsa ya ɗauke.”

“Me ya hana ka neman taimako? Asibiti ba nisa.”

“Na leƙa soro, babu mai gadi. Sai zuciyata ta ce ba wanda ya gan ni. Ta ce in na tafi da Ya, za a san ina nan lokacin. In na bar ta, ba za ta iya faɗa ba.” Ya dubi uwarsa, wadda ke wasa da bakin lufayarta. “Da ciwon nata na fake. Na bar ta zaune da gawa fiye da awa ɗaya, na je na sayi hula. Wannan ya fi kisan damuna, Allah ya sani.”

“Dokta Rashid na da mata da 'ya'ya uku,” in ji Yakuba.

“Na sani. Mutumin kirki ne. Da ya yi shiru ya rufe cibiyarsa ya tafi, da yanzu yana gidansa, ni kuma ina nan da hulata.”

Yakuba ya miƙe. Ya gaya masa laifin da ake tuhumarsa da shi, da cewa za a kai shi komisariya, daga can sai gaban alƙali. Maimuna ta ciro ankwa.

“Ba a gabanta ba,” in ji Kassim.

“Ba za ta gane ba,” in ji Maimuna.

“Na sani. Duk da haka.”

Yakuba ya gyaɗa kai, Maimuna ta mayar da ankwar.

Aka kira Aliya. Da ta ji abin da ake ciki, ta zauna a bakin ƙofa. Yakuba ya tambaye ta ko za ta iya riƙe tsohuwar.

“Zan iya zuwa Juma'a,” ta ce. “Ranar Asabar zan tafi Gouna, 'yata ta kusa haihuwa, ba ta da kowa. Ba wai na ƙi ba ne.”

“Babu wani dangi?”

“Duk sun mutu, ko sun watse.”

Yakuba ya san ofishin da zai rubuta wa, ya kuma san amsar da za su ba shi. A garin babu gidan da ake ajiye irin waɗannan tsofaffi.

Kassim ya tsuguna gaban uwarsa ya ce zai je kasuwa ya dawo. Ta yi masa addu'ar da ake yi wa mai wucewa, ta ce ya gaida mutanen gidansu.

A bakin lungu aka sa masa ankwa. Mutane sun taru suna kallo. Da motar ta tashi, sai ya matso kusa da kujerar Maimuna.

“Madam, don Allah ko za ki rubuta wani abu?”

Ta buɗe bayan littafinta.

“Ba ta shan koko da zafi, sai ya huce. In ta ƙi ci, kada a matsa mata, a ajiye a juya baya, za ta ɗauka. Tana tsoron ruwa a ka, da tsumma ake goge mata. In ta ce za ta tafi gidan babanta, kada a ce ya mutu, a ce sai rana ta yi sanyi. Ƙafarta ta hagu tana kumbura, a riƙa ɗora ta a kan matashi.”

Ya yi ta faɗa, tana rubutawa, har suka wuce kasuwa, har shafin ya cika ta juya wani. Bai gama ba suka iso komisariya. Aka buɗe ƙofa, 'yan sanda biyu suka kama shi suka shige da shi.

Maimuna ta yage shafukan biyu ta riƙe a hannu.

“Shef, wa zan ba?”

Yakuba ya kashe motar.

“Kai wa Aliya,” ya ce.

“Bayan Juma'a fa?”

 Ya fita ya rufe ƙofar motar, ya shiga ofis don rubuta rahoto.